Tsohon babur ba ƙarfen kilo ba ne



Wata biyu ke nan ana ƙus-ƙus a kan rumfar nan ta bayan layin masu faci, inda muke taruwa ran Lahadi da tsofaffin baburanmu. Maganar ta fito fili ranar Juma'ar da ta wuce, da ɗaya daga cikin manyanmu ya tsaya bayan an idar da salla ya ce lokaci ya yi da za a kira 'yan gwangwan su ɗora "tarkacen nan" a sikeli, a share wurin a yi shaguna. Aka yi dariya, wasu suka ce gaskiya ne. Mu da abin ya shafa ba mu tanka ba, don ba a jayayya da babba a ƙofar masallaci. To amma tunda an ce ƙarshen wata za a zauna a yanke hukunci, gara mu faɗi tamu a nan, inda kowa zai karanta a tsanake, har da shi Alhajin, Allah ya ƙara masa girma.

Abin da aka kira tarkace dai babura tara ne. Vespa uku, wadda iyayenmu ke ce wa Basfa. Honda Benly biyu, CD175 ɗaya, Yamaha 100 ɗaya, Suzuki ɗaya, sai wata 'yar ƙaramar Honda Cub da har yau mai ita ke zuwa kasuwa a kanta. Shida suna tashi da bugu ɗaya ko biyu. Uku suna kwance ana yi musu aiki. Mafi ƙanƙantar shekaru a cikinsu ya girmi yawancin samarin da suka yi dariyar nan.

Da yawa cikin 'ya'yanmu da aka haifa a Ikko sun tashi ne suna ganin babur da okada abu ɗaya ne, Bahaushe a kan babur kuma ɗan okada ne, shi ke nan. Ba laifinsu ba ne, abin da suka gani ke nan. Amma ku tambayi duk wanda ya yi wayo kafin 1975. A shekarar ne aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, zamanin Janar Gowon, kuma abin da ƙaramin ma'aikaci ya fara tunanin saya shi ne babur. Malamin makaranta, akawu, malamin asibiti, malamin gona, duk da babur aka san su. A Kano ko Zariya, in ka ga mutum cikin farar riga da hula a kan Basfa, ya tattare bakin rigar a cinya don kada ta taɓa ƙasa, ka san mai mutunci ne ya wuce. Ita Basfa ma kamar don rigarmu aka ƙera ta: ba tanki tsakanin ƙafafu, ba sarƙa da za ta kama zani ko ta shafa maka baƙin mai, ga garkuwa a gaba tana tare ƙura da taɓo. Kamfanin Piaggio ya fara yin ta a Italiya a 1946, sunan kuma a harshensu zanzaro yake nufi, saboda siririn ƙugu da kuma wannan kukan nata. Fatake da 'yan goro na Agege da suka samu rufin asiri su ma sun hau ta. A gidaje da yawa na nan Ikorodu, in ka buɗe tsohon akwati, za ka tarar da hoton wani kaka tsaye kusa da babur ɗinsa, hannu ɗaya a kan sit, yana kallon mai hoto kamar wanda ya ci zaɓe.

Ba wai muna raina okada ba ne. Wa zai raina abin da ya ciyar da rabin unguwa? Cikinmu akwai waɗanda da okada suka yi aure, da shi suka gina ɗaki a gida. Abin da muke cewa shi ne, mutanen da ba su san an taɓa ganin su da wata daraja ba, ba sa neman ta. Ran da muka fito da CD175 ɗin nan bayan an gama fenti, wani dattijo Bayarabe ya tsayar da mu a hanyar Ijede, ya zagaya shi sau biyu, ya ce irinsa mahaifinsa ya hau yana aikin gidan waya. Ya riƙe hannun ɗan'uwanmu ya daɗe bai saki ba. Rabon da wani baƙo ya tsayar da Bahaushe a kan babur a garin nan don ya gaishe shi, ba don ya tambaye shi takarda ko ya zage shi ba, ku faɗa mana yaushe ne.

Wannan duk tarihi ne, wani zai ce, tarihi kuwa ba ya cika ciki. To mu zo kan ciki.

Ku je ku tsaya wurin yawancin masu gyaran babur na yanzu ku kalli aikinsu minti goma. Babur ya ƙi tashi: a canza fulogi. Bai tashi ba: a canza koyil. Bai tashi ba: a cire ɗan baƙin akwatin nan na wuta a sa sabo. Har yanzu shiru: Malam, sai dai ka sayi sabuwar kafireta. Mai babur ya biya kuɗin abu huɗu, alhali ɗaya ne ya lalace, wani lokacin ma ba ko ɗaya, datti ne kawai ya toshe 'yar ƙofar da fetur ke bi. Wannan ba kanikanci ba ne, canji ne, kuma duk wanda ya iya riƙe sifana zai iya shi. Ba ma ɗora wa yaran laifi duka. Sababbin baburan haka aka ƙera su, akwatin wutar a liƙe yake, ba a buɗe shi, in ya mutu ya mutu.

Tsohon babur ba ya yarda da wannan. Ba za ka shiga shago ka ce a ba ka kafiretar Benly ta 1970 da wani abu ba, babu ita. Dole ka kwance wadda ke jiki, ka jiƙa ta, ka busa kowace ƙofa, ka gane abin da kowane ɗan ƙarfe ke yi. Wutarsa kwantak ce, baki biyu ne da ke haɗuwa suna rabuwa, kai za ka goge su, kai za ka saita tazararsu, wajen 0.4 na milimita, in ka kuskure kaɗan babur ya yi ta tari ko ya harbe ka da kik. Yaron da ya yi wata shida a rumfar nan yana cire fulogi ya duba launinsa ya gaya maka ciwon injin: in ya yi baƙi da toka-toka, fetur ya yi yawa, in ya yi fari fat, iska ta rinjayi fetur, injin na ƙuna, in ya yi ruwan ƙuli-ƙuli, lafiya lau. Ya san me ya sa ake zuba wa Basfa baƙin mai a cikin fetur, mililita 20 a kowace lita, ya kuma san me ya sa in ka yi wa Benly haka ka ɓata shi, don tsarin injinsu ba ɗaya ba ne. Ya ga yadda ake zuba tsakuwa a tanki mai tsatsa a yi ta girgizawa har ya fito fes. Ya raka mu wurin mai injin sassaƙa ƙarfe an buɗa silinda an sa fistin da ya ɗara na da. Ya ɗaure wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya har taya ta daina rawa. In wani ƙaramin ƙarfe ya ɓace a duniya, ya ga an auna an ƙera shi.

Yaron da ya san wannan, janareto ba ya ba shi tsoro. Injin niƙa, injin ban ruwa, injin jirgin ruwa na Ebute, duk dangi ne. Biyu cikin yaran da suka fara da wanke mana ƙarfe da kananzir yanzu da gyaran janareto suke ci, ɗaya har ya ɗauki nasa yaran. Ba mu karɓi ko kwabo a hannun iyayensu ba. Wace makaranta ce a Sabo ta yi wannan?

Kuma kada a ɗauka ƙaramin abu ne. Soichiro Honda, wanda sunansa ke jikin tankin nan da ake so a sayar da kilo, yaron gareji ne. Yana ɗan shekara 15 ya shiga koyon gyaran mota a Tokyo, bayan yaƙin duniya na biyu ya fara ɗaura tsofaffin ƙananan injinan soja a jikin keke, a 1948 ya kafa kamfani. Cub ɗin da ya fitar a 1958, ya zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Shi kansa Bajaj, mai Boxer ɗin da kowa ke hawa yau, da haɗa Vespa ya koyi aiki a Indiya, da izinin Piaggio, kafin ya tsaya da ƙafarsa. In Japan da Indiya sun yi nisa, ga Nnewi nan. Innocent Chukwuma da cinikin kayan babur ya fara, ya koma haɗa babur, yau motocin Innoson yake ƙerawa. Mu fa? Mun fi kowa hawan babur a ƙasar nan, mun fi kowa mutuwa a kansa, amma ku shiga kasuwar kayan gyara ku ƙirga shagunanmu. Mu ne masu hawa, mu ne masu tura kurar gwangwan idan ya mutu, tsakiyar nan kuwa, inda ilimin yake da kuɗin, mun bar wa wasu. Sai ga 'yar rumfa ɗaya tak da ake koyon tsakiyar, ita ce kuma ta tsone mana ido.

Bara wani dattijo ya rasu a layinmu, Allah ya jiƙansa. Yana da Basfa shuɗiya da ya zo da ita daga Arewa a bayan motar shanu, ta fi shekara goma a jingine a zaure an rufe ta da buhu. Kwana arba'in ba su cika ba aka kira masu kura. Labari bai iso mana ba sai da yamma. Washegari da sassafe biyu daga cikinmu suka hau mota zuwa Owode Onirin, kasuwar ƙarfen nan da ke kan hanyar Mile 12, suka yi ta tambaya rumfa-rumfa. Sun same ta. An riga an raba ta biyu da wuta, injin a gefe guda an fasa shi da guduma don a ware alminiyon. Abin da aka ba iyalin bai kai kuɗin ƙaramin buhun shinkafa ba. Da an yi mana magana, da mun biya ninkinsa sau da yawa, kuma da ɗansa na ƙarshe, wanda ke zaune ba aiki, ya koyi sana'a a kan babur ɗin ubansa. Fitilar gaba kaɗai muka dawo da ita, tana rataye a rumfa. Ba mu ga laifin masu kurar ba, 'yan'uwanmu ne, neman halal suke, sikeli kuma bai san tarihi ba. Laifin na wanda ya san darajar abu ne ya yi shiru, shi ya sa wannan karon ba za mu yi shiru ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi cikin abin da aka faɗa ita ce ta hukuma: wai tara babura wuri ɗaya zai jawo mana ido, a zo kame, a haɗa da wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan tsoro ne na gaskiya, ba za mu yi masa dariya ba. Duk mun ga abin da ya faru. Dokar hanya ta 2012, zamanin Fashola, ta hana okada bin hanyoyi 475. A ranar 1 ga Fabrairu 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana shi a ƙananan hukumomi shida. A ranar 1 ga Yuni 2022 aka sake ɗaure igiyar a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan ne kuma aka niƙe babura fiye da 2,000 a Alausa ana ɗauka a talabijin. Watan Satumba aka ƙara da Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Da yawa cikin waɗanda aka niƙe wa jari mun san su, wasu a ɗakunanmu suka kwana kafin su samu kuɗin motar komawa gida. Can gidan ma ba sauƙi, Kano ta hana acaɓa tun Janairun 2013.

To amma a duba da kyau. Ikorodu ba ta cikin ƙananan hukumomin da aka yi wa haramcin gaba ɗaya. Baburanmu ba sa ɗaukar fasinja. Ba ma hawa babban titin da ya tafi Mile 12, don mun san doka ta hana, injinanmu kuma duk ƙasa da 200cc suke. Iyakarmu cikin unguwa da hanyoyin bayan gari, da safe, a hankali, don wanda ya yi shekara biyu yana neman murfin gefe ba ya gudu da shi. In kuwa dabarar ita ce mu riga hukuma niƙe kayanmu da hannunmu don kada ta zo ta niƙe, to wannan wace irin dabara ce? Yau rumfar babur, gobe wani ya ce masu kura ma suna jawo ido, jibi masu shayi. Wanda ya saba share kansa daga hanya tun ba a ce ya matsa ba, wata rana zai nemi inda zai tsaya ya rasa. Abin da ke kare mutum a garin nan takarda ce da tsari da sanin shugabanni, ba ɓuya ba.

Nan kuma dole mu juyo kan kanmu, don in muka ce ba mu da laifi mun yi ƙarya. Cikin babura taran nan, uku ba su da cikakkun takardu. Ɗaya ma rasiɗin sayensa ya ɓace tun ambaliyar da ta shiga ɗakin mai shi. Wannan ba daidai ba ne, kuma shi ne ƙofar da sharri zai iya shigowa, don babur marar takarda ba wanda zai rantse ba na sata ba ne. Akwai ranar da aka tayar da Yamaha ana ba shi wuta daidai lokacin da ake karatun yara a makarantar allo, hayaƙi ya cika layi, Malam ya fito ya yi magana, kuma gaskiyarsa ce. Baƙin mai da aka juye a kwata, mu ne. Akwai kuma wani cikinmu, ya san kansa, da ke ganin hular kwano na ɓata masa kwalliyar hula zanna. Kai Malam, kwalta ba ta san zanna ba. Sannan samarin nan masu ɗaga ƙafar gaba ranar ɗaurin aure, suna jan salansa a ƙasa tana tartsatsi, ba namu ba ne, ba mu koya musu ba, amma tunda jama'a na haɗa mu da su, wajibinmu ne mu fi kowa tsawata musu. Duk wannan gyara yake so, gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Sai maganar almubazzaranci, wai magidanci da iyali ya zuba kuɗi a tsohon ƙarfe a wannan marra, fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Haba jama'a. Wanda ke canza waya duk shekara ba a ce masa almubazzari ba. Wanda ya ɗinka shadda kala biyar don biki ɗaya ba a ce masa ba. Masu kwana a gidan kallon ƙwallo suna rantsuwa a kan ƙungiyar da ba ta san da zamansu ba, har da masu kai kuɗin cefane shagon caca, su ba a kira taro a kansu ba. Sai mutumin da ya ɗauki abin da aka yar, ya raya shi da hannunsa, yana zaune a inda matarsa ta san yana nan, yara na kewaye da shi suna koyon abu? Mu a iya saninmu almubazzaranci shi ne a lalata abu mai amfani. Ku auna da kanku, tsakanin mai gyarawa da mai kiran guduma, wa kalmar ta fi kama. Su Turawan da suka ƙera Basfa, da Japanawa, har ƙungiyoyi gare su na masu tsofaffin babura, suna biyan kuɗi mai yawa a kan irin wanda muke bayarwa a kan sikeli.

Mun san dai inda gizo ke saƙar. Wurin ya yi daraja, shago uku za su fito a ciki, haya kuma a Ikorodu yanzu ba wasa ba ce. Ba mu ce neman kuɗin shiga don hidimar unguwa laifi ba ne. Amma a faɗe shi da sunansa, a ce muna son hayar shago, kada a lulluɓe shi da rigar tsoron hukuma ko ta wa'azi. In an faɗe shi da sunansa sai a yi lissafi: shago uku na sayar da katin waya da lemo, waɗanda akwai irinsu ashirin a layin, ko wuri ɗaya da yaro zai shiga hannu rabbana ya fito da sana'a.

Ga abin da za mu kawo wa zaman ƙarshen wata, a rubuce, da sa hannunmu. Za mu riƙa biyan wani abu duk wata a asusun unguwa, a yanka mana daidai ƙarfinmu. Babur ɗin da bai da takarda ba zai fita daga rumfa ba sai ya samu, kuma za mu ajiye littafi da lambar injin da ta jikin kowanne, a ba shugabanni kwafi. Ba tayar da inji lokacin salla ko karatu. Baƙin mai a jarka, ba a kwata ba. Ba hular kwano, ba hawa. Kuma duk shekara za mu ɗauki yara huɗu daga unguwa kyauta, marayu a gaba, iyaye ko shugabanni su zaɓo. In shekara ta zagayo ba mu cika ba, a kira masu kura, mu da kanmu za mu ɗora musu.

Roƙonmu ga iyayenmu mata da magada: in akwai wani tsohon babur a zaure ko bayan ɗaki, ko ya yi tsatsa, ko ba ƙafa, don Allah kada a kira sikeli sai an aiko mana. In sayarwa za a yi, za mu fi sikeli biya. In kuma akwai yaro a gidan, a turo shi tare da babur ɗin.

Shi kuma Alhaji, muna gayyatarsa ran Lahadi bayan la'asar, ga shayi. An gaya mana a zamaninsa Benly ya hau, baƙi, mai madubi biyu. Ɗaya daga cikin namu ya ƙi daidaita tun watan jiya, yana tashi amma in ya yi zafi sai ya mutu, mun duba kwantak, mun wanke kafireta, mun rasa gane kansa. Wataƙila kunnen da ya saba da kukansa ya ji abin da namu bai ji ba.